Kuzar da Ba a Narka Ba

A ranar 17 ga Yunin 2008, kamfanin Mozilla ya roƙi mutanen duniya su taru su sauke sabuwar manhajarsa ta shiga intanet, wato Firefox 3, a rana guda. Cikin awa 24 aka sauke ta sau fiye da miliyan takwas, har kundin bajinta na Guinness ya rubuta abin. An yi murna, jaridu sun buga. Sai dai shekara guda kafin wannan biki, a 2007, mutanen Mozilla da kansu sun fitar da wani lissafi mara daɗin ji. Sun ce a cikin masu sauke Firefox kusan rabi ne kawai ke gwada ta, a cikin waɗanda suka gwada kuma rabi ne ke ci gaba da aiki da ita. Wato in mutum huɗu suka sauke, ɗaya ne yake zama mai amfani. Sauran ukun sun kashe lokacinsu da kuɗin intanet ɗinsu, sun karɓi kyautar, sun ajiye.

Wanda ya taɓa leƙa kwamfutar shagon buga takardu a Tudun Wada, ko laftof ɗin malamin makaranta a Kiru, ba zai yi mamakin wannan lissafi ba. Akwai wata jaka da kwamfuta ke zuba duk abin da aka sauke. In ka buɗe ta za ka tarar da manhajar lissafin kanti, da ta koyon buga rubutu, da ƙamus, da manhajar gyaran hoto, wata ma an sauke ta sau uku, kuma babu wadda aka taɓa girkawa. Mai kwamfutar bai yi ƙarya ba in ya ce yana da su. Amma da shi da wanda ba shi da su, aikinsu ɗaya ne.

Tambayar da nake so mu duba ita ce: idan aka ba mutum abu mai amfani, ya karɓa, bai amfana ba, alhakin yana wuyan wa? Kuma idan mai bayarwa yana so a yi amfani da abin nasa, ina ne iyakar abin da ya halatta ya yi don ya sa mutum amfani da shi?

Mutanen Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa a kudancin Kano, sun daɗe da sanin nisan da ke tsakanin samu da amfana. Tun kafin zuwan Turawa ake haƙar kuza a duwatsun garin. Ana haƙo ƙasa, a kai ta bakin ruwa a wanke, yashi ya tafi, kuza mai nauyi ta zauna a ƙasan ƙwarya. A shanya ta, a zuba a tanderu da gawayi, a yi ta zuga har ta narke, sannan a fito da ita sirara kamar tsinken ciyawa. A wannan siffa fatake ke ɗaukar ta zuwa kasuwanni, maƙeran fari su saya su shafe tasoshin tagulla da ita. Irin waɗannan tsinkaye ne Turawan kamfanin Neja suka gani a kasuwa, suka bi sawunsu har suka kai ga kuzar ƙasar Bauci da Filato a farkon ƙarni na 20. Abin lura a nan shi ne, tsakanin ramin haƙa da tasar da amarya za ta jera akwai hannu biyar ko shida, kuma ko wanne ya san aikin bai ƙare a kansa ba. Mai buhun ɗanyar kuza bai isa ya ce yana da tasa ba.

A shekarun 1970 aka zo da manyan injina aka haƙa rami mai zurfi a Riruwai don fitar da kuza da tutiya. A shekarun 1980 aikin ya tsaya, kuma a watan Oktoban 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Ma'adinin yana nan cikin dutse, masu ƙananan haƙa suna ta fama da shi har yau. Garin yana da arziki a takarda, amma kowa a wurin ya san arzikin da ke cikin dutse ba ya biyan kuɗin makaranta sai ya fito ya narke.

Fayil ɗin da aka sauke ɗanyar kuza ne. Yawancinmu a waya muka fara sanin manhaja, inda saukewa da girkawa taɓawa ɗaya ce: ka danna a Play Store, ko abokinka ya turo maka ta Xender, sai ka ga alamarta ta bayyana. A kwamfutar tebur da laftof hanyar ta fi haka tsawo. Da farko sai ka gano inda fayil ɗin ya faɗa. In ka same shi ka danna, sai wani gargaɗi ya fito da Turanci yana cewa wannan abu zai iya cutar da kwamfutarka. In ka yi ƙarfin hali ka wuce, sai ta nemi kalmar sirrin mai kula da kwamfutar, wadda a ofis ko makaranta tana hannun wani da ya tafi hutu. Bayan nan ga doguwar yarjejeniya da babu mai karantawa, ga tambayoyi kan inda za a ajiye ta, wani lokaci ga neman lambar lasisi. A ko wane mataki wasu suna zubewa, kamar yadda hatsi ke zuba daga buhu mai huda.

Akwai kuma matakan da mai rubuta manhaja a Amurka bai san da su ba. Manhajoji da yawa, in ka danna saukewa, ɗan ƙaramin fayil suke ba ka, wanda aikinsa shi ne ya jawo sauran daga intanet a lokacin girkawa. Malami ya hau mota daga ƙauyensa, ya ratsa dajin Falgore zuwa inda sabis ke da ƙarfi, ya sauke, ya koma gida da farin ciki. Ya kunna kwamfuta da ɗan cajin da ya rage, sai ta ce masa ba za ta ci gaba ba sai ta haɗu da intanet. Cikakken fayil ɗin da ba ya buƙatar intanet yana nan a shafin kamfanin, amma a wani lungu da sai masani ke gano shi. A lissafin kamfanin, an ƙirga wannan malami cikin waɗanda suka samu manhajar.

A nan ne alhakin mai bayarwa yake farawa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ɗauki adadin saukewa ya kai wa masu zuba jari, ko ya ɗauki adadin kwamfutocin da ya raba ya kai gidan rediyo, ya riga ya ci lada. An yaba masa a kan amfanin da ake zaton mutane sun samu. Idan amfanin bai samu ba, yabon nan bashi ne a kansa.

Duniya ta ga wannan a shirin nan na ba ko wane yaro laftof, wanda Nicholas Negroponte ya sanar a 2005 da alkawarin kwamfutar dala 100. An gwada shi a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja a 2007, hotunan yara da korayen kwamfutoci suka zaga duniya. Ƙasar Peru ta sayi fiye da dubu 800. A 2012 bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon bincike a makarantu 319 na karkarar Peru: bayan wata 15 yaran sun iya sarrafa kwamfutar, an ga ɗan ci gaba a wasu gwaje-gwajen kaifin tunani, amma a lissafi da karatu babu bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a ba su ba. An kai kuza ƙofar gida, ba a gina tanderu ba. Malaman da ya kamata su haɗa kwamfutar da darasi ba su samu horon da ya ishe su ba.

Muna da misali mafi kusa, a harshenmu. Tun zamanin Windows Vista kamfanin Microsoft ya fitar da fassarar Hausa da Yarbanci da Ibo ta fuskar kwamfuta, kyauta. Mutane sun zauna sun fassara dubban kalmomi. Amma fassarar ba ta zuwa a kunne, sai mutum ya san da ita, ya nemo ta, ya girka. Mai karatu ya tambayi kansa sau nawa ya ga kwamfuta mai magana da Hausa a ofis ko a shago. Haka batun haruffa masu lanƙwasa yake, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko tun shekarun 1930. Akwai madannan Hausa a Windows, akwai manhajar Keyman da ake saukewa kyauta. Duk da haka takardun gayyata da na makaranta suna fitowa da kasa a wurin ƙasa, da bata a wurin ɓata, da kafa a wurin ƙafa. Kayan aikin suna nan, kaza ce dai ta kwana a kan dami.

To, in mun yarda mai bayarwa yana da alhakin ganin an yi amfani da abinsa, ta wace hanya zai bi? Ina ganin hanyoyi uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Ta farko ita ce tilas. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta daina ta takarda baki ɗaya. Babu wata lacca ko taron wayar da kai da ya sa matasan Arewa zama gaban kwamfuta kamar wannan mataki. Ɗalibai suka shiga neman manhajar gwajin jarrabawa, kuma wannan karon suna girkawa, suna buɗewa, suna kwana a kanta, domin tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Daga baya hukumar ta sauƙaƙa abin, ta yadda da madannai takwas kawai ɗalibi zai iya gama jarrabawarsa ba tare da ya taɓa linzamin kwamfuta ba. Tilas ta yi aiki a nan saboda buƙatar ta gaske ce, kuma an sanar da ita a fili. Amma tana da nata nauyin. Yaron da ya fito daga makarantar da babu wuta, wanda ranar jarrabawa ce ranar farko da yatsansa ya taɓa madanni, ana auna shi da ma'auni ɗaya da wanda ya tashi da laftof a gida. Wanda ya wajabta abu ya wajabta wa kansa buɗe hanyar kaiwa gare shi. Kuma wannan iko na hukuma ne da doka ta ba ta, ɗan kasuwa ba shi da shi.

Ta biyu ita ce yaudara. Lokacin da Microsoft ya fitar da Windows 10 a Yulin 2015, ya ba da shi kyauta na shekara guda, ya kuma yi ta damun mutane da saƙon su karɓa. A watan Mayun 2016 ya kai ga cewa in saƙon ya fito ka danna jar alamar rufewa, wadda kowa ya sani da ma'anar a'a, kwamfutar sai ta ɗauka ka amince. Mutane suka wayi gari kwamfutarsu ta sauya ba da saninsu ba, wasu kuma ta jawo fayiloli masu nauyin gigabait da yawa a ɓoye, abin da ga mai sayen data da kuɗin cefane ba ƙaramar asara ba ce. A ƙarshen shekarar babban jami'in tallan kamfanin, Chris Capossela, ya amsa cewa sun wuce gona da iri. Irin wannan ne kuma manhajojin da ke zuwa da 'yan rakiyar da ba ka gayyata ba: kana girka abu ɗaya, an riga an sa maka alamar amincewa a wani ɗan akwati, sai ka ga abu uku sun shigo. A kasuwa mun san sunan wannan. Wanda ya jera manyan tumatir a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa ya yi ha'inci, ko da kuwa mai saye ya ce na saya da bakinsa. Ko da Windows 10 ta fi wadda ta gabace ta kyau, hakan bai wanke hanyar ba, domin abin da aka ɗauke wa mutum shi ne ikonsa na cewa a'a.

Ta uku ita ce wadda zan kira rakiya. A al'adarmu ba a sallamar baƙo daga zaure a rufe ƙofa. Ana taka masa har ya hau hanyar da ya gane. 'Yan kasuwarmu ma sun san wannan. Mai sayar da injin ban-ruwa ga manomin rani a yankin madatsar Tiga ba ya miƙa kwali ya ce a sauka lafiya. Zai zuba mai, ya ja igiya, injin ya tashi a gaban mai saye, ya nuna masa inda ake duba baƙin mai. Mai rediyo yana sa batir ya kamo tasha kafin ya karɓi kuɗi. Tela ba ya ɗora sabon yaro a kan keke ranar farko, da sa maɓalli da guga yake fara shi. Duk sun fahimci cewa amfani na farko shi ne mai wuya, kuma a gaban mai kaya ya kamata a yi shi.

Abin sha'awa, lokacin da Mozilla suka ga lissafinsu na 2007, matakai 12 da suka tsara yawancinsu irin wannan rakiya ce. A ciki akwai sa alamar manhajar a inda ido zai gan ta, da gyara sunan da ke ƙarƙashinta yadda wanda bai san Firefox ba zai gane ƙofar shiga intanet ce. Ƙananan abubuwa ne, amma a irinsu ake rasa mutane. A wurinmu rakiya tana nufin cikakken fayil da za a iya ɗauka a filash daga gari zuwa ƙauye, da manhajar da ba ta da nauyi ga tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo, da bayani da Hausa na minti uku da za a iya turawa ta WhatsApp. Fiye da duka, tana nufin mutum ya zauna kusa da mutum har ya gama aikinsa na farko: wasiƙa ɗaya ta fito daga firinta, ko sakamakon aji ɗaya ya haɗu.

Wani zai ce, ai mutum ɗan 'yanci ne. Ya sauke, bai so ba, ya bari. Me ya kai mai manhaja bin sa? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ita ce ke nuna iyakar rakiya. Mu koma ga mutum huɗun Mozilla. Biyun da ba su taɓa buɗewa ba, ba su yanke hukunci a kan manhajar ba, hanya ce ta tsare su. Taimaka musu girmama niyyarsu ce, tunda su suka nema tun farko. Na ukun kuwa ya buɗe, ya gwada, ya ga wata ta fi masa. Wannan ya yanke hukunci, kuma haƙƙinsa ne a ƙyale shi. Manhajar da ke tashi da kanta duk lokacin da aka kunna kwamfuta, tana aiko da saƙon ka dawo, tana ɓoye hanyar cire ta, ta fita daga rakiya ta shiga naci. Mai rakiya yakan kai baƙo bakin hanya ya juyo. In ya bi shi har gida ya shimfiɗa tabarma, ya zama kaya.

Saura ɓangaren mai karɓa, domin shi ma ba a wanke shi ba. Saukewa tana da wani daɗi mai ruɗi. Da zarar layin nan ya cika, zuciya sai ta ji kamar an yi wani abu, kamar an fara koyon lissafin kanti ko gyaran hoto, alhali ko harafi ba a koya ba. Da yake kyauta ce, ba ma jin zafin ajiye ta kamar yadda za mu ji in kuɗi muka biya. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin da ba a biya da naira ba ana biyan sa da zama da haƙuri, da yarda ka zama ɗan koyo a gaban wanda ka girma. Dattijo da yawa sun gwammace manhaja ta kwana a jaka da su ce wa ɗansu zo ka nuna mini.

In asarar ta tsaya a kan mutum da datarsa, tsakaninsa da aljihunsa ne. Ta zama babba idan abin da ke hannunsa na jama'a ne. Shugaban makarantar da aka kawo wa kwamfutoci ashirin, ya lulluɓe su da leda ya sa kwaɗo don kada yara su lalata, yana ganin amana yake tsarewa. In masu duba makarantu suka zo za su ƙirga ashirin cif. Sai dai amanar da aka ba shi ta yaran ce, kwamfutocin hanya ce kawai. Kuma a nan misalin kuza ya gaza. Kuzar Riruwai ta yi miliyoyin shekaru cikin dutse, in ta ƙara hamsin ba abin da zai same ta. Kwamfuta ba ta jira haka. Batirinta yana mutuwa a ajiye, ƙurar hunturu tana shiga cikinta, manhajarta tana tsufa. Windows 10 ɗin nan da aka yi ta rigima a kai, a ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin ya kawo ƙarshen kula da ita ga yawancin masu amfani. Ɗalibar da ke ajin ƙarshe na sakandare ma ba ta jira. Shekara ɗaya gare ta, in ta wuce ta wuce. Madannin da ya karye a hannun ɗalibi ya fi wanda ya tsufa a cikin leda cika amana.

Saboda haka ya kamata mu sauya tambayar da muke yi. Idan ɗan siyasa ko ƙungiya ko kamfani ya ce ya raba kaza, ko an sauke manhajarsa sau kaza, a tambaye shi nawa ne ke aiki bayan wata uku, wa aka bari ya koya wa mutane, kuma ina wutar da za ta kunna su. Amsar wannan ba ta kai adadin rabo girma ba, shi ya sa ba a son faɗinta, amma ita ce ta gaskiya. Matasan da ke gyaran waya da kwamfuta da masu tura fina-finai a shagunan Doguwa da Bebeji da Kwanar Dangora su ne maƙeran wannan zamani, ta hannunsu manhaja ke isa ga yawancin mutane. Wanda a cikinsu ya girka wa abokin ciniki manhaja, ya buɗe ta, ya sa shi ya buga sunansa da ƙ ɗinsa da ɗ ɗinsa kafin ya karɓi kuɗi, ya yi abin da babban kamfani bai iya yi daga nesa ba.

Mai karatu kuma, in kana da kwamfuta, buɗe jakar nan ka duba abin da ke ciki. Wanda ka san ba ka buƙata, goge shi, ba laifi ka yi ba. Wanda kake buƙata, nemi wanda ya iya, ko da ƙaninka ne ko 'yarka, ku zauna yau ku girka shi, ku yi aiki ɗaya da shi kafin caji ya ƙare.